Tsohuwar Bakin Rijiya

Dapaong, daren Alhamis

Yajin aiki ya rufe mana biro, wato ofishinmu, sojoji sun tare hanyar Sokode. Na sake jona wasan bidiyo na yaro mai takobi a tele, ko da yake na cinye shi tuntuni. Rubutunsa na Japan ne, don haka a Zango abokina Alasan ke ƙirƙiro maganar mutanen ciki. In mun iso wurin tsohuwar bakin rijiya sai ya maƙe murya: "Isifu, ajiye takobin nan ka je ka yi aure."

Tun da ya tsere Gana ban ji ɗuriyarsa ba. Yau ko dodo ɗaya ban sara ba, wajenta na nufa. Ta yi doguwar magana, na zauna ina jiran a faɗa mini abin da ta ce.