Malama Tafireta da Ajin Kwamfuta

Litinin, 13 ga Oktoba, 2014

Yau aka koma makaranta, a makare, saboda tsoron cutar Ebola. Ko jaka ban ajiye ba Hajiya Amariya, shugabar makarantarmu, ta aiko kirana. Wai Mista Francis, malamin kwamfuta, ba zai dawo ba. Tun da 'yan fashi suka tare motarsu da damina matarsa ta ce shi da hanyar Anka har abada. Don haka ni zan karɓi darasin kwamfuta na 'yan aji shida na sakandare.

Na ce mata ni tafireta na koya, a Sakkwato, shekara talatin da ɗaya ke nan. Ta ce ai duk danne-danne ne.

Ban taɓa kunna kwamfuta ba. Ban faɗa mata ba. Ina jin ta sani.

Laraba, 22 ga Oktoba

Allah ya taimake ni, babin farko na littafin da Francis ya bari tarihi ne zalla. Ina karantawa bayan la'asar, da safe in juye wa yara. Katakon lissafi mai 'yan duwatsu na mutanen da. Wani Bature, Babbage, da ya ƙarar da shekarunsa yana tsara injin lissafi, har ya mutu bai gama ba. Shi kam na ji tausayinsa. Sai wata kwamfuta ta farko-farko a Amurka da ta cika ɗaki guda, nauyinta ya kusa tan talatin.

Kausar, mai bakin ajin, ta ɗaga hannu: "Malama, to ta zamaninmu yaushe za mu gan ta?"

Aka yi dariya. Na ce kowacce ta ci gaba da rubutu.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Mun buɗe sito. Kwamfuta takwas da aka kawo shekara uku da suka wuce, suna nan inda aka jibge su, kuma rufin ya yi ta yoyo a kansu damina uku. Makau mai gyaran rediyo ya zo da janaretansa ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta tashi. Ɗaya ta yi hayaƙi. Wata kuma zanzaro ya gina ɗaki a cikinta.

Can ƙurya, ƙarƙashin tamfol, tafiretocina shida, tun shekarar da aka soke darasin bugu. Na danna harafi ɗaya. Lafiyarta lau.

Na dawo gida da ciwon kai.

Talata, 18 ga Nuwamba

Baya ya hana ni zama. Babi na uku. Ban gane rabinsa ba, amma na koyar.

Alhamis, 4 ga Disamba

Ta tabbata. Jarabawar shiga jami'a ta bana a kwamfuta za a yi ta, babu takarda ko ɗaya. Yarana goma sha ɗaya ne suka yi rajista. Gusau, cikin Maris.

Da aka tashi Muhsina ta tsaya. 'Yar ƙauyen Dareta ce, a nan take zaune wurin gwaggonta Marka. Ƙannenta biyu sun rasu shekarar gubar dalma. Ita ta yi zaman jinya tare da Innarsu a asibiti, kuma tun daga nan ta sa wa ranta aikin nas. Ba ta cika magana ba. Ta daɗe tana murza bakin hijabinta kafin ta ce, "Malama, in mutum ya san amsa amma bai san inda zai taɓa ba fa?"

Na ce za a san yadda za a yi. Abin da manya ke faɗa ke nan in ba su da ta cewa.

Da na dawo na buɗe littafin wurin hoton allon haruffan kwamfuta. Na duba, na goge tabarau na sake dubawa. Jerin haruffan daidai yake da na tafireta, layi bayan layi. A ƙasan hoton an rubuta cewa daga tafireta aka gaji tsarin, tun wajen shekara ɗari da arba'in baya. Shekara talatin yatsuna na kan wannan jeri ban san yana da tarihi ba.

Laraba, 14 ga Janairu, 2015

An fito da tafiretoci. Na wanke su da kananzir, na ɗiga musu man keken ɗinki. Ribon, ƙyallen tawadar, ya bushe, na jiƙa shi da tawadar hatimi, yana yi dai. Yara biyu-biyu a kan kowace.

Wannan ƙara! Ban san na yi kewarta haka ba. Malamin Larabci ya leƙo ya ce ko ƙanƙara ake yi a ajina.

Muhsina ta fi kowa hannu. A kwana uku ta daina kallon yatsunta. Malam Shitu ya ce kwana biyun nan na koma cin tuwo kamar mutum. Shekara ashirin da takwas da aurenmu, iyakar yabonsa ke nan.

Talata, 3 ga Fabrairu

Esther, maƙwabciyata mai aikin asibiti, ta shigo auna mini jini. Na shiga ba ta labarin tafiretoci, har da alfahari. Ta naɗe abin awon. Sannan ta ce ƙanenta ya yi irin jarabawar bara a Kaduna, kuma ba a buga komai sai lambar rajista. Sauran duk da wani ɗan abu ake yi, maus, a tura shi a kan tebur wata 'yar kibiya ta bi, a danna amsa.

Na ce ta tabbata? Ta ce, "Mama, ki yi haƙuri."

Mako uku. Mako uku na yaran nan na ƙone don in ji daɗin abin da na iya. Saura biyar.

Jinin ya hau, in ji ta. Da ma.

Asabar, 7 ga Fabrairu

Esther ta zo makaranta da laftof ɗinta na kanta, 'yar kwamfutar nan ta hannu, da maus mai igiya. Ta ce duk Asabar za ta riƙa zuwa in ba ta da aiki. Batirin awa biyu yake yi. Yara goma sha ɗaya. Kowa minti goma, sai ɗan abin da ya ragu.

Ta kunna, ta ja kujera, ta ce malama ce za ta fara. Da kyakkyawar niyya ta yi.

Na kama abin. Na tura, kibiyar ta ruga can sama ta ɓace. Na ɗaga shi sama ina nemanta. Da na zo dannawa na buge shi irin bugun tafireta, abubuwa uku suka buɗe lokaci guda. Kausar ta toshe baki, dariyar ta fito ta hanci.

Na ajiye. Na ce musu, "Yau na fara taɓa ta. Duk abin da na koya muku tun Oktoba daga littafi na kwaso shi. A nan ni da ku ɗaya muke."

Na tashi na ba Muhsina kujera. Ita ma kibiyar ta riƙa kuɓuce mata. Minti gomanta suka ƙare ta danna amsa huɗu kacal.

Alhamis, 19 ga Fabrairu

Littafin ya ce maus na farko da katako aka yi shi. To. Na kai wa Bala kafinta zane, ya yanko mini goma sha ɗaya daga guntayen da ya zubar, ya goge su, ya tsaga layi a tsakiya. Bai tambaye ni na mene ne ba, na gode masa da hakan.

Yanzu kullum kafin a tashi, minti goma sha biyar. Na zana tambayoyi a allo, ina nuna wuri da sanda, su tura katako a kan benci su danna da yatsa ɗaya, a hankali. Sun sa masa suna kusu, wato ɓera. Ko yana da amfani, Allah masani. Aƙalla hannu zai saba da riƙo.

Na gaji. Ƙafafuna sun kumbura.

Alhamis, 12 ga Maris

Gusau. Bayan asuba muka tashi a bas ɗin haya, ana ta tsayar da mu a shingaye. Aka shiga da su ƙarfe goma sha ɗaya. Ni na zauna gindin wata bishiyar dogon yaro tare da wasu iyaye, ba na jin abin da suke cewa.

Kausar ce ta fara fitowa tana washe baki, wai ashe na gaske ya fi kusu sauƙi. Sauran suka biyo. Muhsina ce ta ƙarshe.

Sai a mota ta gaya mini. Tana cikin yi hannunta ya goce, ta danna wani wuri, tambayoyin suka canja zuwa wani darasi. Ta ɗauka ta ɓata komai. Ta zauna tana kallon abin, tana tsoron ta ɗaga hannu a ce ta lalata kayan mutane. Kafin wani mai sa ido ya lura ya mayar mata, lokaci ya tafi. Tambaya fiye da talatin ba ta ko karanta ba.

Na koya musu riƙo, na koya musu dannawa. Ban koya musu cewa in an yi kuskure ana iya komawa baya ba. Ni ma ban sani ba.

Litinin, 16 ga Maris

Sakamako ya shigo ta waya. Kausar 212. Huɗu sun haura 180. Muhsina 161.

Ba ta zo makaranta ba.

Lahadi, 22 ga Maris

Mako guda ba ta zo ba, ga jarabawar fita na matsowa. Na je gidan gwaggonta. Na same ta tana surfe, ta riga ta ɗaure kayanta, wai za ta koma Dareta ta taya Innarta aiki.

Na zauna kan turmin da ke kife. Na ce mata mako ukun tafiretan nan laifina ne, kuma ta yafe mini. Ban taɓa roƙon ɗaliba gafara ba. Bai yi wuya kamar yadda na zata ba.

Ta ce ba ta riƙe ni ba. Ta ce amsoshin ta san su, abin da ke cin ta ke nan.

Marka, wadda tun da na shigo take tsintar wake ba ta ɗago ba, ta ce, "Tabarmarta tana nan, tuwonta yana nan. In baɗi ma ana yi, ta sake. Ni dai ba ni kai ta tasha."

Muhsina ta jingine taɓarya. Ta rako ni har bakin titi.

Talata, 24 ga Maris

Ta zo. A makare, amma ta zo.

Asabar, 28 ga Maris

Zaɓe. Na'urar tantancewa sai a karo na uku ta karanta yatsana. Layi tun safe, rana kamar wuta.

Juma'a, 8 ga Mayu

Jiya na je Gusau ganin likitan ido. Tabarau dai za a canja.

Kafin motar Anka ta cika na ɗan zaga kasuwa, don in miƙe ƙafa kawai. Na ga wani shago na kayan waya. Na shiga. Na fito da maus, baƙi, mai igiya. Mai shagon ya tambaye ni wace irin kwamfuta ce gare ni. Na ce kowace iri.

Hajiya Amariya ta ce mai yiwuwa a turo mana mai bautar ƙasa a watan Satumba, in huta. Na ce to, in ya zo a ba shi tarihin, ni a bar mini 'yan aji biyar ranar Asabar. Don dai kada Esther ta ga kamar an watsar da ita ne.

Malam Shitu ya ga kwalin a jakata ya ce mene ne wannan. Na ce na makaranta ne.

Gobe ƙarfe tara. Na ce wa Esther ta zo takwas da rabi, kafin yara. Akwai abin da nake so ta nuna mini: yadda ake komawa baya.