Madubin da Aka Kai wa Boyi

Malama Baraka, ki taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni cin abinci.

Ni tsohon malamin kimiyya ne a Illela, shekaruna saba'in da takwas. Matata ta rasu, ba mu haihu ba, ƙafafuna ma sun gaza. Da hannuna na yi wata bakwai ina gugar gilashi har ya zama madubin hangen taurari, da shi nake taya mutane duban watan azumi. Iklima, 'yar maƙwabcina Boyi mai fataucin shanu, a cikinsa ta fara ganin ramukan da ke jikin wata. Da ubanta ya so cire ta daga makaranta, ni na yi ta sintiri a zaurensa.

Yanzu tana ƙasar waje cikin masu binciken wani madubi marar nauyi, siriri kamar leda. Wai naɗe shi za a yi kamar tabarma a sa a roka, a can sama ya buɗe, ya riƙa tattaro hasken zafi da ido ba ya gani daga taurari masu nisa. Ta zo Sallah da ƙyallensa tsaraba, ta ba Boyi. Mutumin da bai iya bambanta Zara da fitilar jirgi ba. Ya kafe shi a zaure yana gyaran gemu, mutane har daga Ƙonni suna zuwa kallo, suna yaba masa. Ni turare aka aiko mini. Sau biyu ta zo gaishe ni, na yi shiru a ɗaki har ta gaji da sallama. Asabar za ta koma, kuma ban san ko zan ga wata Sallar ba. Mi zan yi?

Tsohon Malami, Illela

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Zafin da kake ji yana da dalili, kai ka sha wahala, wani ake yabo. Amma Boyi ubanta ne, kuma ya bar ta ta yi karatun ko da ransa bai so ba. Ka lura, shi ƙyalle ya samu, kai kuwa da ƙafarta ta tako maka har sau biyu. Duk Illela wa zai tambaye ta yadda abu mai laushi haka zai riƙe lanƙwasarsa bai karkace ba? Kai kaɗai. Ina zaton hirar da take nema ke nan.

Ka aika mata yau, kada ka jira Juma'a. Ka ba ta haƙuri, ka share tsohon madubinka, bayan magariba ku dubi wata tare. Allah ya sanyaya zuciyarka, ya nuna maka Salloli masu yawa.