Ranar da Garwa ta kwana babu nama

Garwa, 3 ga Maris, 1971

Zuwa ga Yaya Luba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, kin ji za a yi taron cika shekara goma da harin jirgin ƙasan nan na kudu, za a karanta sunayen mutanen arewa da suka mutu, har a sa a rediyo. Kin ce Inna ta ƙi yarda a yi sadakar ƙanenmu Wada tun da ba ta ga gawa ba, amma in ta ji sunansa a rediyo za ta haƙura. To, Yaya, babu sunansa.

Sau huɗu ina rufe teburina na nama a kasuwa ina zuwa ofishin masu shirya taron. Akawun, wani mai suna Fulbert, ya ce sunayen masu tikiti kawai suke da su. Na yi masa bayani cewa mai rakiyar shanu ba ya yankar tikiti, a taragon dabbobi yake tsayawa yana tayar da wadda ta faɗi don kada 'yan'uwanta su tattake ta. Sai ya buɗe takarda ya nuna mini: shanu arba'in da biyu sun halaka. Shanun suna rubuce, Yaya! Wanda ya kora su da ƙafa tun daga nan kuwa babu shi. Wai in kawo shaidar mutuwa. Daga ina? Wallahi sai da na fita waje na sha ruwa, don kada bakina ya ja mini ɗauri.

Kada ki faɗa wa Inna tukuna. Ki gaida kowa a Mayo-Oulo.

Ƙanenki,
Hayatu

Garwa, 19 ga Maris, 1971

Yaya Luba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na san kun kasa kunne a rediyo ranar Litinin, kuma ba ku ji sunansa ba. Ni ma ina filin taron. An busa ƙaho, an ajiye furanni, an ce mu yi shiru na minti ɗaya. Shekara goma muna shiru, wai a ƙara mana minti!

Amma ga abin da rediyo bai faɗa ba. Da na kai kukana wurin Sarkin Fawa, sai ya tara mahauta, aka gano ba Wada kaɗai ba ne, su biyar ne a taragon. Aka yanke shawara ranar taro babu mai ɗora wuƙa a wuyan dabba. Kowa ya zauna a teburinsa a wanke tas, duk wanda ya tambayi nama a karanta masa sunayen nan biyar.

Daga babbar kasuwa har unguwar Roumdé Adjia haka aka yi. Mata suna zuwa da kwanuka, suna komawa da Wada ɗan Mahamman a bakinsu. Wasu sun yi mita, wata tsohuwa kuwa ta ajiye kwanonta a ƙasa ta yi musu Fatiha.

Wajen azahar sai ga Fulbert yana gumi, yana neman cinya biyu ta liyafar manyan baƙi. A teburina ya tsaya. Na faɗa masa sunayen ɗaya bayan ɗaya. Sai ya cire hularsa, ya roƙi in maimaita na farkon, na Wada. Har yanzu ina jin haushinsa, amma na maimaita.

Ki faɗa wa Inna gwamnati ba ta kira ɗanta ba, amma Garwa ta wuni tana kiransa. Ina tafe ranar Juma'a mai zuwa da rago. Ki jiƙa gero, a yi sadakar.

Naki,
Hayatu