Ramar Kader

Yaya Assibi,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ta yi sauƙi? Mu nan Greensboro lafiya lau.

Kin tambayi labarin ɗanki Kader. Da sanyi ya wuce, na iske shi durƙushe a bayan gida yana shuka, yaron da ko tsintsiya ba ya ɗagawa. Da ganye ya fito na ce rama ce, jinin Baba na noma ya motsa. Kullum ni ke ba ta ruwa. Har hira muka fara, yana amsa mini da Hausa.

Sai maƙwabcinmu Malam Imoro ya murza ganye ɗaya ya shinshina, ya ce, "Alhaji, wannan ramar ba ta shiga kwaɗo, kurkuku take kai mutum."

Wiwi ce, Yaya. Duk karatuna, ashe wiwi nake shayarwa, har da bisimilla.

Na tumɓuke ta. Kader ya kwashe kayansa ya bar gida, ba ya ɗaga wayata. Ba komai, yarinta ce.

Kada Inna ta ji. Ki aiko mini da irin rama na gaske. Wurin da ya gyara yana nan, ina cire masa ciyawa.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanenki,
Lamine