Ba Tsawa Nake Maka Ba, Kunne Ne Ya Tafi

Zuwa ga ɗana na fari, masanin halayyar ɗan Adam, can Ibadan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da jikana wanda ban taɓa gani ba. Na ba jarida wannan wasiƙa ta buga ne don na lura ba ka yarda da magana sai wadda inji ya buga. Masu karatu su yi haƙuri da rubutun. A yaƙi da jahilci na yi karatu, kuma har yau ba a san wanda ya ci yaƙin ba.

Zuwanka na ƙarshe, da babbar salla, ka zo kai kaɗai. Ka ci naman ragona ka ƙoshi, sannan ka buɗe min ilimi. Ka ce wani Bature mai gemu ya gano cewa abin da ya sami mutum yana yaro ba ya ɓacewa, yana nan ɓoye a ƙasan zuciya yana juya shi bai sani ba. Ka ce in'inar da kake yi a gaban manya, da zufar da ke karyo maka in an ɗaga murya, tsawata ce ta dasa maka su. Ka rufe da cewa ba za ka kawo min ɗanka ba sai ya yi wayo, don kada in lalata shi yadda na lalata ka.

Na ce ban taɓa ƙin ka ba, ka ce musun nan shi ne shaida. Na yi dariya, ka ce garkuwa ce. Na yi shiru, ka ce dannewa nake. Kai, wannan ilimi naku ya fi mugun alƙali! Ka amsa laifi a ɗaure ka, ka musa a ɗaure ka, ka yi tari a ce ka raina kotu. A masaƙarmu ta Bompai, in makanike ya ce bel ne ya tsinke, buɗe injin ake yi kowa ya gani. Ku wa yake buɗe muku naku?

Ba zan ce duk shirme ba ne, kada in yi maka zalunci a bainar jama'a. Ranar da manaja ya wanke foman, foman ya wanke ni, in na dawo Na'ibawa akuyar uwarka ce ke shan takalmi, alhali ba ta ɓata wa kowa yadi ba. Wannan kam Baturenka ya gano ni. Kuma tsofaffinmu sun riga shi cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsoron da ka ji ma na yarda gaskiya ne, yaro ba ya ƙaryar rawar jiki.

Amma duk tone-tonen zuciyar da ka yi min, malam mai digiri, ba ka leƙa kunnena ba.

Ka taɓa shiga ɗakin saƙa? Inji jere-jere, ƙoshiya tana kai da komo, ƙara kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano, daga kama aiki har tashi. Tun ba a yaye ka ba kunnena na hagu ya yi ritaya, ya bar na dama yana gadi. Ni ban san ƙarfin muryata ba. Duk 'yan ɗakinmu haka muke, har limamin masallacin ma'aikata ya taɓa roƙonmu mu rage amin. Uwarka, Allah ya jiƙanta, takan ce in na tambaye ta gishiri, maƙwabta ne ke miƙowa ta katanga.

Ranar da ka zo na ɗaya a aji, na ce madalla. A wurina raɗa na yi. Sai na ga ka ruga bayan randa ka ɓuya, na ce a raina yaron nan akwai kunya.

Ka ce kuma ban taɓa kiran sunanka ba, ban ɗauke ka a gaban mutane ba. Ɗan fari ne kai! Haka ubana ya yi wa yayana, amma da yayan ya rasu, baban ne ya kai shi kabari yana kuka. Baturenka da ya ƙare aikinsa yana sauraron masu kuɗin garinsu kwance a doguwar kujera, ina ya san kunyar ɗan fari? Da ya zo Kano, sai ya rubuta cewa duk gari mun ƙi 'ya'yanmu.

Na so gaya maka duk wannan tun ranar sallar. Ina buɗe baki, da irin muryar da Allah ya bar min, ka toshe kunnuwa ka ce ga shi nan na fara. Ka ɗauki jakarka. Shi ya sa na koma takarda, ita ba ta firgita kowa.

Yanzu saurara. Likitan masaƙa, wanda shi leƙawa yake yi da fitila ba fassarar mafarki ba, ya ce kunnen daman ma ya kama hanya. Bai ce yaushe ba. Kai kana jira yaro ya yi wayo, kunne kuwa ba ya jiran kowa.

A ɗakin saƙa da hannu muke hira. Da hannu muke gaisawa, mu tambayi lafiyar iyali, mu zagi foman yana tsaye. Ka kawo min jikana, na yi alkawari ba zan buɗe baki ba. Ni zan yi masa magana da hannu, shi ya yi min da baki. Ko kuka ne ya tsala min a kunnen dama, in ji irin muryar da jinina ya fitar, tun da sauran mai ji.

Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Allah ya kwance maka harshe, ya sanyaya maka zuciya. In ɗanka ya girma ya zo maka da nasa littafin, Allah ya sa ya bar ka ka kai ƙarshen maganarka.

Naka,
Ubanka, Audu masaƙi, Na'ibawa.