Uwar Rakun a Benen Ciyawa

Litinin, 20 ga Afrilu, 1987

Ka yi haƙuri, littafi. Na san ba don irin wannan aka yi ka ba. Da Kaka ta ba ni kai kafin rasuwarta, da bangonka na fata da takardarka mai kauri, cewa ta yi in rubuta manyan abubuwan rayuwata. Tun lokacin nake jiran babban abu. Bai zo ba. Wanda ya zo kuma ba na son rubuta shi. To yau na yi ƙarfin hali, zan ɓata maka shafin farko da labarin rakun, 'yar dabbar dajin nan mai girman muzuru da ke satar kaji.

Ta haihu a benen barga, inda muke tara ciyawar shanu. Na hau ɗauko dami da yamma sai na ji kuka siriri kamar na tsuntsaye. Na haska tocila a ramin da ke tsakanin damman, sai ga ta: baƙin zanen nan a idonta kamar ɓarauniya ta ɗaura ƙyalle, wutsiya zobe-zobe, 'ya'ya huɗu manne da cikinta. Ba ta gudu ba. Ni ma ban gudu ba.

Ban faɗa wa Baba ba.

Talata, 21 ga Afrilu

Ya gano da kansa. An buɗe murfin durom ɗin dusa, an fasa ƙwai a akurki, ga kashinta a kan ciyawar da shanu za su ci. Muna cin dankali da daddare ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Zan kira Arne ya kawo tarko." Arne sunan maƙwabcinmu ne.

Na ce tana da 'ya'ya. Ya ce, "Me?" Sai da na maimaita. Kowa sai na maimaita masa.

Ba mugunta ba ce, na sani. Asabar ta sama 'yan tsakin da ya yi oda za su iso ta gidan waya. Bara rakun ɗaya ne ya gama mana da rabin waɗanda muka sayo, yana zura hannu ta wayar akurki yana jawo su ɗaya-ɗaya. Ni na kwashe abin da ya rage. Ban manta ba.

Baba ya daɗe yana juya cokali. Can ya ce, "Kakarki rediyo take sa musu. Da fitila. Ba kiɗa ba, tashar masu surutu. Muryar mutum ce ba sa so kusa da 'ya'yansu. In ta kwashe su kafin tsakin su zo, shi ke nan. In ba ta kwashe ba, Arne."

Rabon da in ji magana mai tsawon haka daga bakinsa, tun lokacin girbin bara.

Laraba, 22 ga Afrilu

Na ɗauki rediyon kicin. Ba wanda ya kunna ta tun da Mama ta tafi birnin Madison don ta ɗan huta. Ƙura ta yi mata riga.

Na ɗora ta a kan katakon da ke saman ramin, na rataye fitila. Tashar da na samu ta mutanen karkara ce. Ana faɗin farashin masara, sannan mutane su bugo waya: wani yana sayar da tayar tarakta, wata tsohuwa kyanwarta ta ɓata, ta ba da labarin kyanwar tun daga haihuwa har mai shirin ya ce, "Mama, a bar wa wasu layi mana."

Na ce zan zauna kaɗan in ga ko tana aiki. A can na yi aikin gidana duka.

Abin dariya. Gidan da mutane ke ciki shiru, barga kuma cike da hira.

Juma'a, 24 ga Afrilu

Uwar rakun tana nan.

A makaranta Malama Pruitt ta ce amsata daidai ce, sai dai bangon baya ne kawai bai ji ba, da duk wanda ke gabansa. Aka yi dariya. A motar makaranta Darla Kosek ta ce, "Malama Shiru, matsa in zauna, ko sai na cika takarda?" Na matsa. Ta yi ta zuba da 'yan bayanmu har aka sauke ta. Ba ta sake kallona ba. Ba na jin tana nufin komai da sunan. Haka bakinta yake, ko a coci ana jiyo ta daga ƙofa.

Lahadi, 26 ga Afrilu

Bayan coci na zauna kusa da waya ko Mama za ta bugo, kamar kullum. Na goge takalma, na ninke kaya, duk a wurin. Ba ta yi ƙara ba.

Litinin, 27 ga Afrilu

Idon 'ya'yan ya buɗe. Ɗaya ya fi sauran ƙanƙanta, kullum shi ake dannewa. Uwar takan sa hannu ta juyo shi sama. Hannu ne sosai, da yatsu, kamar na jariri ya sa baƙar safa.

In na hau, nakan rage muryar rediyon. Kaɗan. Don in iya karatu.

A'a. Ba don karatu ba ne. Kai ma ka sani.

Talata, 28 ga Afrilu

Rediyo ta mutu. Na same ta a ƙasa, an ture ta daga katakon, an buɗe bayanta an zare batir. Baba ya juya ta a hannu ya ce sai an duba. Ba mu da wata.

Da yamma tsoho Arne, maƙwabcinmu, ya zo da tarkon a bayan motarsa, wai ya ajiye tun yanzu. Kejin waya ne mai ƙofar da ke faɗowa. Ya gan ni ya washe baki.

"'Yar Olaf! Na ji kin buɗe wa rakun makarantar kwana, har da lantarki da labarun duniya. Nawa ne kuɗin shiga? Ina da jika daƙiƙi."

Na tambaye shi, in an kama uwar, 'ya'yan fa? Ya daina dariya. Ya kalli bokitin da ke bakin famfo, ya kalli Baba, ya ce, "Ba ya ɗaukar lokaci, yarinya." Nutsar da su a ruwa yake nufi.

Da ban rage muryar ba, wataƙila da tuni ta tafi.

Laraba, 29 ga Afrilu

Tunda muryar mutum ake buƙata, ai ni ma mutum ce. Na hau da littafin tarihi na karanta mata babi guda a bayyane.

Ta leƙo, ta kalle ni, ta yi hamma. Ta koma barci.

Ko rakun ba ta ɗauki muryata ta mutum ba. Na yi dariya, daga baya kuma ba dariya ba ce.

Alhamis, 30 ga Afrilu



Tun safe nake shirya maganar. A mota da yamma, saura kwanar hanya ɗaya a sauke Darla, na taɓa hannun rigarta na ce ko za ta zo gidanmu ta yi surutu.

"In yi me?"

Na yi mata bayani, rabi-rabi, ina kallon jakata. Sai ta fashe da dariya har direba ya waiwayo.

"Tabɗi! Wato duk garin nan kin duba, kin ga bakina ne kaɗai zai iya korar dabba? Ke, Malama Shiru, ashe kin iya zagi!" Na fara ba ta haƙuri. Ta ce, "Rufe min baki. Tun da aka haife ni ake ce min in yi shiru, yau an ce in yi magana, kina ganin zan ƙi?"

Ta zo. Ta hau tsani da takalmin makaranta, ta leƙa ramin ta ce, "Sannu da jego, uwargida. An ce ki tashi." Daga nan ba ta tsaya ba. Ta kwaikwayi Malama Pruitt, ta kwaikwayi fasto, ta ba da labarin yayyenta maza biyar da banɗakinsu ɗaya. Ta buga bokiti. Can ta juyo kaina: "Ni kaɗai zan yi ta haushi? Ke ma ki ce wani abu." Na ce ban san me zan ce ba. Ta ce, "Ki ce mata ta tafi."

Na ce, tafi.

"Wannan ai roƙo ne. Daga ciki!"

Na faɗa daga ciki. Tantabarun rufi suka tashi. Ta ramin tsani na hango Baba a ƙasa, ya tsaya da abin tatsa a hannu yana kallon sama.

Uwar rakun ɗin nan kaɗai ce ke jirana in na dawo makaranta, kuma ita na tsaya ina yi wa ihu ta tafi.

Juma'a, 1 ga Mayu

Tana nan, amma ba ta barci. Ta ja 'ya'yan can ƙuryar rami. Darla ta sake zuwa, da murfin tukunya biyu. Muryata ta dishe. Gobe ne tsakin za su iso.

Asabar, 2 ga Mayu

Da asuba na hau. Ba uwar, ba 'ya'ya uku. Ta kwashe su cikin dare. Amma ƙaramin yana nan shi kaɗai, yana juyawa cikin ciyawa yana kuka.

Da hantsi Baba ya dawo daga gidan waya da kwalin 'yan tsaki, Arne na biye da shi. Arne ya hau ya duba, ya sauko yana kaɗe wando. "To, aikin ya yi sauƙi, Olaf. Ta bar maka na banzan. A gama da wannan, a ɗana tarko ko za ta waiwayo." Ya nufi famfo.

Ban san lokacin da na tsaya a gindin tsani ba. Na ce ba wanda zai hau. Ban maimaita ba, kuma kowa ya ji, har kare ya shige ƙarƙashin mota. Na ce ɗaya-ɗaya take ɗauka a baki, gari ne ya waye mata, a ba ta dare ɗaya, za ta dawo.

Baba ya kalle ni, kwalin na ta kuka a hannunsa. Ya ce a hankali, "Nola, ba kowace uwa ke dawowa ba."

Arne ya shiga gyara hularsa.

Na ce na sani. Na ce duk da haka.

Baba ne ya fara motsi. Ya ce wa Arne ya bar tarkon a mota. Ya ce mini, "Sauke fitilar. Kada kowa ya je wurin, har ƙawarki mai ƙararrawa. Tsakin su kwana a kicin."

Ƙawarki, ya ce.

Yanzu suna nan kusa da murhu, suna ta ciu-ciu. Baba yana zaune yana kallonsu. Yau bai tashi ya shige ɗaki ba.

Lahadi, 3 ga Mayu

Ta dawo.

Mun fito tatsa, gari bai gama wayewa ba, Baba ya riƙe kafaɗata. Tana saukowa ta ramin katakon da ke bayan barga, da baya-baya, ƙaramin na lilo a bakinta. Ta ratsa gonar da ba a shuka ba ta nufi itatuwan bakin rafi. Ko waiwaye ba ta yi ba. Me zai sa ta waiwaya? Ni ce mai ihun.

Baba ya ce, "Hmm." Bayan tatsa ya ɗauko guduma, na riƙe masa katako, muka toshe ramin. Muka ƙara wa akurki waya mai ƙananan ido, muka ɗora dutse a murfin durom.

Na hau benen daga baya. Wari kawai ya rage, da ɗan gurbin da ta kwanta.

Talata, 5 ga Mayu

Ba wani labari. Tsaki biyu sun mutu, sauran lafiya. Baba ya gyara rediyon, ashe waya ɗaya ce ta tsinke. Ya mayar da ita kicin. Da safe na tarar da ita a kunne, tsohuwar nan ta bugo ta ce an ga kyanwarta, Baba ya ce, "Yauwa," kamar tasa ce.

Shekaranjiya bayan coci Darla ta ja ni gidansu, wai sai na ga banɗakin da idona. Uwarta ta cika min faranti, yayyenta suka yi ta ce min Sarkin Rakun. Ban yi magana da yawa ba. Na dai yi kaɗan. Da na dawo Baba ya ce, "Mamanki ta bugo." Sai a lokacin na tuna Lahadi ce.

Ya rubuta lambarta ya manna a jikin bango. Ban kira ba tukuna. Zan kira, ina jin. Ban san dalilin da ya sa ban ji abin da na zaci zan ji ba, kuma ba na son in tona.

Har yanzu nakan kalli bakin rafi in mota ta sauke ni. Ba komai sai itatuwa.

Na ce labarin rakun kawai zan rubuta, ga shi ya ƙare. Ya kamata in mayar da kai cikin akwati ka ci gaba da jiran babban abu. Sai dai Darla ta ce Asabar za ta zo ta ga 'yan tsaki, kuma na san za ta faɗi abin da zan so in ajiye. In ba za ka damu ba, littafi, ka bar ni in sake buɗe ka ranar.