Sawun da Bai Kai Bakin Rami Ba

Asabar, 19 ga Oktoba, 2024
Da safe na ga wata bai faɗi ba, fari fat bisa hanyar Lafani. Muna dawowa da akuyar Shafa'atu da ta ɓace. Ni na gano sawunta, Baba ya sha godiya. Ba komai. Shekara shida muna bin sawun dabbobi tare, bai taɓa bari na fita ni kaɗai ba.

A teburin Lawwali mai shayi, Bashar mai gyaran waya ya ce akwai na'ura mai kyamara da ke kewaya wata, ta ɗauko sawun Turawan da suka sauka can. Baba ya ce, "Sawun mi? Yaro, ka tsaya ga wayoyinka." Na taya shi dariya.

Lahadi, 20 ga wata
Kasuwa. Bashar ya turo min hoton. Ban buɗe ba.

Talata, 22 ga wata
Na buɗe. Daga sama aka ɗauka, ba a ganin ƙafa, sai wani siririn layi baƙi. Wai can ba iska, ba ruwan sama, sawu ba ya gogewa.

Layin ya nufi wani babban rami. Ya karkata, ya gyara, ya sake karkata. Saura kaɗan ya kai baki, sai ya juya.

Wa zai zana ƙarya, ya hana ta isa inda za ta?

Alhamis, 24 ga wata
Inna ta yi tuwon gero, na ci har na ƙara. Hoton dai bai bar ni ba. In na yi magana, na ƙaryata Baba gaban mutane. In na yi shiru, kullum shi ke ce min kar na ɓoye abin da na gani a ƙasa.

Asabar, 26 ga wata
Idon Baba ba ya ganin waya yanzu, don haka na zana masa layin a ƙasa, gaban teburin Lawwali. Na ce, "Baba, in zane ne, mai zanen ya san tafiya."

Ya bi layin da sandarsa, a hankali. Ya tsaya inda layin ya juya. Ya daɗe.

"Waɗanga sun gaji," in ji shi. "Sun ɓata hanya kuma."

Bashar ya yi tsalle. "Baba ya yarda!"

"Wa ya ce maka? Ni dai na ce sun gaji."

Ni ma ban ce sun je ba. Ban dai sake dariya ba.

Muna nan wani mutumin Garu ya zo, ragonsa ya ɓace. Baba bai tashi ba. Ya miƙo min sandar, ya ce, "Sufyanu za shi. Shayina bai huce ba."

Shayin ya huce tuni. Lawwali ya gani. Bashar ma yana wurin.